Yaron da na hana sharhi

A ƙarshen 2022, da Diffa ta karɓi gasar takobin kokowa, ban samu zuwa ba. A Fulatari na saurara, mun zagaye rediyo guda. Ban ga Issaka Issaka na Dosso da idona ba, amma mai sharhi ya sa na ga ƙurar fili, na ga inda ƙafa ta zame.

Da aka koma lakwal, sai na tarar da wani ɗalibina, wanda ba ya buɗe baki a aji, yana kwaikwayon mai sharhin da Hausa, ya riƙe kwalbar roba kamar makirfo. Yara sun yi tsit suna saurare. Na watsa su, na ce surutu ne. Har yau abin yana ci min rai.

Daga baya na karanta labarin Jaime Jarrín, ɗan Ekwado da ya isa Amurka a 1955 bai san wasan besbol ba. Ya zauna ya koya. Daga 1959 har 2022 yana sharhin wasannin Dodgers ta Los Angeles da Sifaniyanci, ma'aikata baƙi suna jin wasa da harshen gidansu. Sana'arsa ke nan: ido ya gani, baki ya tsara jimla kafin ƙwallo ta sauka. Mu malamai abin da muke fama mu koyar ke nan da alli, yaro kuma ya zo da shi, na kore shi.

Yanzu ran Juma'a, idan yara suna ƙwallo, nakan miƙa masa kwalbar. Faransancinsa bai gyaru ba tukuna, amma ya fara ɗaga hannu a aji.