Yadda Rumawa Suka Koyi Teku a Hannun Abokan Gabarsu

Tekun da ya raba Afirka ta Arewa da Turai, Hausawa suna kiransa Bahar Rum. Sunan ya shigo ne ta bakin Larabawa, waɗanda suka jingina tekun ga Rumawan da suka sani. Sai dai an yi wani zamani da Rumawa ba su da ta cewa a kansa. A wancan lokaci masu iko da yammacin tekun su ne mutanen Kartaj, birnin da Finikiyawa ƴan kasuwa daga Taya suka kafa kusa da inda birnin Tunis yake a yau. Jiragensu na kai da kawowa tsakanin Afirka da Sifen da tsibiran Sadiniya da Sisili, kuma tuƙin jirgi gadonsu ne tun kaka da kakanni. Su kuwa Rumawa manoma ne kuma mayaƙan tudu, waɗanda ba su daɗe da gama mallakar kudancin Italiya ba.

Rikicin ya taso ne a shekarar 264 kafin Miladiyya, a kan garin Mesana da ke bakin mashigin ruwan da ya raba Sisili da Italiya. Kartaj ta ga cewa duk wanda ya riƙe wannan mashigi ya riƙe hanyar fatauci. Rum kuma ta ga cewa idan Kartaj ta kafu a can, to abokin gaba ya zauna a ƙofar gidanta. Rumawa suka ƙetare, suka ci garin Agirijento a shekarar 262, amma nasarar ba ta kai su ko'ina ba, domin garuruwan bakin ruwa suna samun abinci da dakaru ta jiragen Kartaj. Daga nan suka fahimci cewa ba a cin tsibiri da sojan ƙasa kaɗai.

Masanin tarihin nan na Girka, Folibiyus, ya ruwaito cewa wani jirgin yaƙin Kartaj ya kafe a gaɓa ya faɗa hannun Rumawa, sai suka mai da shi samfuri. Suka sassaƙa manyan jirage 100 da ƙanana 20 a kan fasalinsa. Yayin da masassaƙa ke aiki, aka jera bencina a kan tudu, aka zaunar da mutanen da ba su taɓa riƙe filafili ba, suna koyon tuƙi a kan busasshiyar ƙasa, wani na ba su umarni suna sunkuyawa suna tasowa tare. Fitarsu ta farko ta zo da abin kunya: a Lifara aka ritsa shugabansu Sifiyo da jirage 17, har mutanensa suka laƙaba masa sunan da ke nufin jaka.

Yaƙin ruwa a wancan zamani gwaninta ce ta sarrafa jirgi. Kowane jirgi yana da ƙahon tagulla a gabansa, gwani kuwa shi ne wanda zai kewaya ya tunkuyi haƙarƙarin jirgin abokin gaba ya fasa shi. Rumawa sun san ba za su kamo Kartajawa a wannan fage ba, don haka suka sauya fagen. Suka ɗaura wata gadar katako mai tsawon kusan mita 11 a gaban jirgi, da tsinin ƙarfe a ƙarshenta, wadda aka riƙa kira hankaka. Idan jirgin Kartaj ya matso, sai a saki gadar, tsinin ya cake a dandamalinsa, sojoji su tsallaka da takubba da garkuwa. A Mile, a shekarar 260, Kartajawa sun taho da raini, ba su ko tsaya yin sahu ba, suka yi asarar jirage kimanin 50 a hannun Duwiliyus. Raina kama ka ga gayya, in ji masu iya magana.

Amma gadar ba ta koya wa Rumawa halin teku ba. Bayan babbar nasarar da suka samu a Ekinomus a shekarar 256, sun sauke runduna a Afirka ƙarƙashin Regulus, sai wani kwamandan haya daga Sifata mai suna Zantifus ya tarwatsa ta da giwaye da dawaki. Jiragen da suka je kwaso sauran sojojin suka gamu da guguwa a kudancin Sisili a shekarar 255, bayan shugabanni sun ƙi jin gargaɗin matuƙa. A ƙidayar Folibiyus, daga jirage 364, 80 ne kawai suka tsira. Bayan shekara biyu wata guguwar ta haɗiye fiye da 150. A shekarar 249 kuma Kartajawa suka kama jirage 93 a Direfana. Labarin da Rumawa suka bari ya ce shugaban rundunar, Kalaudiyus, ya ga kajin duba sun ƙi cin tsaba kafin yaƙin, sai ya sa aka jefa su cikin ruwa, ya ce in ba za su ci ba to su sha.

A nan ne halin ƙasashen biyu ya bayyana. Kartaj ta sake zama mai teku, sai ta saki jiki. Riƙe jirage da matuƙa yana cin kuɗi, sojojinta na haya ne da ke jiran albashi, hankalin manyanta kuma ya karkata ga faɗaɗa mulki a cikin Afirka. Ta bar Hamilka Barka yana fama a duwatsun Sisili da ƴar rundunarsa. Ita kuwa Rum baitulmalinta ya ƙare, sai attajirai suka ɗauki nauyin ƙera jirage 200, mutum ɗaya ko biyu ko uku su haɗu a kan jirgi guda, bisa sharaɗin ba za a biya su ba sai an yi nasara. Shugaban wannan runduna, Katulus, ya riƙa horar da matuƙansa kullum.

A watan Maris na shekarar 241 aka haɗu a tsibiran Egadi. Jiragen Kartaj sun taho danƙare da kayan abinci, matuƙansu sababbi ne, na Rumawa kuwa marasa nauyi ne, mutanensu sun goge. Aka nutsar da jiragen Kartaj 50, aka kama 70. Har yau masu bincike suna tsamo ƙahonin tagulla na wannan yaƙi daga ƙarƙashin ruwan wurin. Kartaj ta fice daga Sisili, ta amince ta biya talanti 3,200 na azurfa cikin shekara goma. Sojojin hayarta da ba a biya ba suka yi tawaye, Rum ta fake da rikicin ta ƙwace Sadiniya.

A cikin shekara 23 na yaƙin, Rumawa sun yi asarar jirage kimanin 700, Kartajawa kimanin 500. Wanda ya fi asara shi ne ya yi nasara, domin yana da ƙawayen Italiya da ke ba shi mutane, kuma yana da masu hali da suka ɗauki yaƙin a matsayin nasu. Kartaj ta fi iya tuƙi, amma gwaninta tana buƙatar a riƙa ciyar da ita, kuma shekarun da ta yi tana tsimin kuɗi sun ishi makoyi ya cim ma malaminsa.

Sakamakon ya bi Kartaj har ƙarshenta. Lokacin da Hanibal ɗan Hamilka ya tashi ɗaukar fansa a shekarar 218, ta tudu ya bi daga Sifen, ya haura duwatsun Alfa da giwayensa, kuma a tsawon shekarun da ya yi a Italiya taimakon da ya isa gare shi ta ruwa kaɗan ne ƙwarai. Bayan an ci shi a Zama a shekarar 202, sulhun da aka ƙulla ya bar wa Kartaj jiragen yaƙi 10 kacal. Sauran aka ja su zuwa cikin teku aka cinna musu wuta, mutanen birnin suna kallo daga gaɓa.