Ranar Da Maman Ummi Ta Kira Sunana

Tun da muka dawo daga Yuganda a 2023 mutane ke tare ni a masallaci da wurin ɗaurin aure, suna cewa, "Alhaji, wai da gaske ne ruwa ya kusa cinye ka?" Kowa da yadda labarin ya iske shi. Wani dattijo a Zangon Agege ma cewa ya yi an gaya masa kada ne ya kama ni a ƙafa. To yau dai ga zancen daga bakin mai shi.

Ni mutumin Gumel ne, kuma duk wanda ya san Gumel ya san ruwan da muka tashi da shi bai wuce na rijiya da na kududdufi ba. Na zo Legas a 1989, na yi shekara 33 ina aiki a wani kamfanin fiton kaya a Apapa, kullum ina kallon ruwa ta taga, amma ban taɓa sa ƙafata a ciki ba. Ko zamanin da ake kai yara Bar Beach da sallah, ni ne mai gadin takalma. Ita kuwa uwargida, Maman Ummi, a Jebba aka haife ta. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, fataucin busasshen kifi yake yi, a bakin Kwara ta yi wayo, kuma ta iya ruwa tun kafin ta iya ƙulla ɗankwali. Na san haka kamar yadda na san ranar haihuwarta, wato abu ne da na sani amma bai taɓa yi mini amfani ba.

Abin da ya kai mu Yuganda ganin jika ne. Babbar 'yarmu Ummi tana aure a Kampala, inda mijinta ke aiki, ta haihu, muka tafi a watan Yuli. Amma gaskiyar magana, mun hau jirgi ne ba ma ga maciji ni da uwarta. Na yi ritaya a 2022, ga gida na gina a Gumel, shekara goma sha ɗaya ina tura kuɗin bulo da siminti, na ce lokaci ya yi mu tattara mu koma gida. Ta ce wane gidan? Daga wannan kalma guda muka shiga wani irin zama wanda masu aure da yawa za su gane: ba faɗa, ba zagi, abinci na zuwa a kan lokaci, amma magana ba ta wuce "an kawo wuta" da "gas ya ƙare."

Ummi ta lura, 'ya'yan yanzu ba a ɓoye musu komai. Bayan suna da mako biyu sai surukina ya miƙo mini makullin motarsa, ya ce, "Baba, ga tanti da katifu a baya, ku je ku ga ƙasa ku biyu." Na so in ƙi. Mu da ke zaune a kudu ai ba mu san wata tafiya ba sai ta gida: sallah, biki, ta'aziyya, mota cike da yara da tsaraba. Da na lissafa a zuci sai na ga tun da aka ɗaura mana aure a 1996 ba mu taɓa kwana a wani wuri mu biyu kaɗai ba. Kunya ce ta sa na karɓi makullin.

A Yuganda ta hagu ake tuƙi, abin da Najeriya ta bari tun 1972. Kafin mu fita daga Kampala sau uku ina kunna abin share gilashi da nufin ba da sigina, ga 'yan acaɓarsu, da suke kira boda-boda, sun fi na Oshodi rashin tsoron Allah. Muka miƙa arewa ta Masindi zuwa gandun dajin Murchison, tafiyar kusan kilomita 300. Mu a gida damina ce tsundum a Yuli, su kuwa lokacin ruwa ya ɗan ɗauke musu ne, hanya ta yi daɗi. A cikin gandun muka sha fama da ƙudan tsando, dole a rufe gilashi. Mun ga giwaye da ɓauna da raƙuman dawa, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne magangarar ruwan kanta. Kogin Nilu ne yake matsewa ta wani tsagi a dutse da faɗinsa bai fi mita 7 ba, sannan ya faɗa ƙasa tsawon mita 43. Ƙasa har rawa take yi a ƙarƙashin ƙafar mutum. Na ja baya na riƙe ƙarfen shinge da hannu biyu. Ita kuwa ta matsa gaba, feshin ruwa na jiƙa mata hijabi, tana dariya. Rabon da in ga wannan dariyar har na manta.

Kafa tanti ya ci mu fiye da awa guda, domin na ƙi duba takardar bayani. Gadu na yawo a sansanin kamar tumakin unguwa. Ma'aikacin wurin ya gargaɗe mu cewa da dare dorinar ruwa kan fito kiwo har tsakanin tantuna, in mun ji motsi kada mu fito, kada mu haska fitila. Wajen ƙarfe ɗaya na dare kuwa sai ga ta. Muna jin yadda take fizgar ciyawa, da hucinta, kamar a kunnena. Babu damar fita, babu damar barci, babu kuma talabijin da zan ɓuya a bayansa kamar yadda na saba. A nan ne, cikin raɗa, Maman Ummi ta ce, "Alhaji, tun da ka fara gidan nan ka taɓa tambayata ko ina so?"

Na ce ai ba sai an tambaya ba, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ta ce, "Ni ban bar ko'ina ba. Kabarin babana yana Jebba. 'Ya'yana huɗu a Agege na haife su. Matan da suka zauna da ni ranar da na yi ɓari, rabinsu Yarabawa ne. In ka kai ni Gumel, kai ka koma gida, ni kuma na fara zaman baƙunta ina da shekara hamsin."

Ina da amsoshi, kuma ba na banza ba ne. Duk wanda ya ga abin da ya faru a Idi-Araba a 2002, ko a Mile 12 a 2016, ya san dalilin da ya sa Bahaushen Legas ke kwana da ido ɗaya a buɗe, ya kuma san dalilin da ya sa muke gina gidajen da ba ma kwana a ciki. Na gaya mata haka. Ta ce ta sani, tana nan aka yi, amma ita ba za ta ƙare rayuwarta tana jiran ranar gudu ba. Dorina ta gama kiwonta ta tafi, mu ba mu gama ba. Da asuba muka yi salla, muka naɗe tanti, kowa fuska a ɗaure.

Daga nan muka juyo kudu, muka ratsa Kampala, muka bi ta dajin Mabira zuwa Jinja, kimanin kilomita 80 gabas da babban birnin. A nan ne Nilu ke fita daga tafkin Biktoriya, wurin da Baturen nan Speke ya iso a 1862 ya ce ya gano mafarin kogin, kamar mutanen da ya tarar suna kamun kifi a wurin ba su da idanu. Muka kafa tanti a kan wani tudu da ke kallon ruwan. Da yamma na zauna ina tuna kakana, wanda ya tafi Makka a ƙasa ta Sudan ya yi shekara bakwai kafin ya dawo, yana yawan ba mu labarin ƙetare Nilu. Na ce da ita wannan ruwan da muke gani shi ne zai bi ta Sudan ta Kudu ya isa Khartum, inda yake haɗuwa da Shuɗin Nilu, wanda a bakinsa garin Mai Wurno yake, inda mutanenmu suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. A lokacin wata uku ke nan da ɓarkewar yaƙi a Sudan, muka yi musu addu'a. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Su ma ai wucewa suka zo yi." Na yi kamar ban ji ba.

Ita ce ta ga hotunan kwalekwalen roba a ofishin sansanin ta ce tana so. Na ce Hajiya, da girmanki? Ta ce to in zauna in yi gadin takalma. Wallahi wannan maganar ce ta sa na biya dala ɗari da 'yan kai kowannenmu, na kuma sa hannu a wata takarda da ke cewa in na mutu ba ruwan kowa.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Kwalekwale ne na roba mai kauri da ake hura wa iska, da igiya zagaye da shi. Kowa a ba shi hular kwano, da rigar da ke hana nutsewa, da filafili na tuƙi. Wuraren da ruwa ke haukacewa a kan duwatsu an yi musu daraja daga 1 zuwa 6, kuma na 6 ba a shigarsa da baƙi. Jagoranmu, wani saurayi ɗan ƙabilar Basoga, ya ce da can daga Bujagali ake farawa, amma madatsar ruwan da aka gama a 2012 ta shanye wurin, ta Isimba kuma a 2019 ta shanye wasu a can ƙasa. Kafin a tashi sai da ya koya mana faɗuwa: in ka faɗa kada ka yi ƙoƙarin tsayawa da ƙafa, dutse zai riƙe ta, ka kwanta rigingine, ƙafafu su yi gaba, in ka tsinci kanka a ƙarƙashin kwalekwalen da ya kife, akwai iska a ciki, ka shaƙa sannan ka fito. Ga kuma samari a ƙananan jirage na mutum ɗaya suna biye da mu don tsamo waɗanda suka faɗa. Maman Ummi ta sa dogon wando da riga har gwiwa, ta cusa hijabinta cikin hular kwano. Ita yake kira Mama, ni kuma Muze, wato tsoho.

Biyun farko mun wuce lafiya, har na fara jin kaina wani Sarkin Ruwa. A Itanda aka fito da mu muka taka a ƙasa, domin saman wurin daraja ta 6 ne, aka sake sa kwalekwalen a ƙasansa, a wani wuri da su kansu jagororin ke kira da sunan da ke nufin mugun wuri. Ya tambaya ko mu bi ta gefe ko ta tsakiya. Turawa biyu da ke tare da mu suka ce tsakiya. Matata ta ce tsakiya. Ni ba a ji muryata ba.

Abin da na iya tunawa shi ne wani bangon ruwa fari ya miƙe a gabanmu, jagora ya yi ihu a durƙusa, sai kawai na ji babu komai a ƙarƙashina. Duhu, ƙara, ruwa ta hanci ta baki. Duk abin da aka koya mini ya gudu. Na yi ta harba ƙafa ina neman ƙasa, abin da aka ce kada a yi. Na fito na shaƙi rabin numfashi, wata igiyar ruwa ta sake danne ni. Na yi kalmar shahada a zuci, kuma abin mamaki, ba gidan Gumel ne ya zo mini a rai ba, tunanina shi ne wa zai gaya wa Ummi. Daga baya aka ce mini duka bai kai daƙiƙa ashirin ba. Ni dai na san na daɗe.

Da na sake fitowa sai na ji an kira sunana. Ba Alhaji ba, ba Baban Ummi ba, sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi daga bakin mace tun rasuwar mahaifiyata. Ku da kuka san al'adarmu kun san mace irin ta zamaninmu ba ta faɗin sunan miji, ko wani mai sunan ta gani sai ta sakaya. Shekara 27 ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ƙwala shi da ƙarfi, ta ce, "Kwanta! Bar harba ƙafa! Dube ni!" Ashe ita ma ta faɗo, amma tana gefena tana tafiya a kan ruwan kamar tana kan tabarma. Na kwanta. Wani yaro ya zo da ƙaramin jirginsa na kama bayansa, ya ja ni zuwa inda ruwa ya lafa. Kafin in iso har an juyo da kwalekwalen ta haye. Ita ce ta kama kafaɗun rigata da hannu biyu, ta faɗa da baya, ta jawo ni ciki kamar buhun masara. Na kwanta ina aman kogin Nilu, Turawa na tafi.

Da aka tsaya cin abarba a inda ruwa ya kwanta, hannuna na rawa har na kasa riƙe yankan. Ta karɓa ta riƙe mini. Babu wanda ya ce komai a kan gida.

Sai a hanyar komawa Kampala, wajen Lugazi, inda gonakin rake suke, na ce mata gidan Gumel zan sa haya a ɓangare ɗaya, ɗayan kuma mu riƙa zuwa. Ta yi shiru har muka wuce wata babbar mota, sannan ta ce za ta je ta yi azumi guda a can ta gani, amma ba ta yi alkawarin komai ba. Ta je a 2024, ta yi azumin, ta ce zafin garinmu ba na mutane ba ne, ta kuma yi ƙawaye biyu da har yanzu suke waya. Muna nan Agege dai, maganar ba ta mutu ba, amma yanzu a fili ake yin ta, wani lokaci har da ɗaga murya.

Sunan kuwa, na tambaye ta sau ɗaya a gaban Ummi. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Ni? Allah ya kiyaye. Ruwa ne ya shiga kunnenka, Alhaji."