Kyamara marar madubi a rana da ƙurar Sakkwato

Mu da muka koyi sana'ar hoto a zamanin fim, hoto 36 ke cikin naɗi ɗaya, kuma ba ka sanin abin da ka kama sai an wanke. Shi ya sa ranar hawan Sallah, tun dawakai ba su nufo fadar Sarkin Musulmi ba, kowa ya san inda zai tsaya. In mahayi zai yi jahi, linzami kake kallo: yana ja, doki ya tirje, ƙura ta tashi, hannu ya yi sama. Wannan ƙiftawar ido guda muke jira tun hantsi.

Kyamarorin yanzu da aka cire wa madubin ciki sun sauƙaƙa wannan aiki, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. A tsohuwar kyamara, duk dannawa sai madubi ya ɗaga, duhu ya rufe maka ido daidai lokacin da abin ke faruwa. Sony a9 da ta fito a 2017 tana ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa ɗaya, kana kallon dokin bai ɓace maka ba. Na bayanta kuwa suna gane idon mutum, na dabba, har na tsuntsu, su bi shi. Na gani a fadamar gulbin Rima: balbela ta tashi daga cikin shanu, kyamarar ta riƙe ta har ta sauka, kuma babu ƙarar da za ta firgita sauran. Da muna da irinta a Argungu, lokacin da masunta ke rugawa cikin kogin Matan Fada da goransu, da mun bar muku abin kallo.

Amma 'ya'yana masu sana'ar hoto, ku san a ina kuke. Canon EOS R5 ta 2020 tana ɗaukar bidiyo na 8K, sai dai ta yi suna wajen ɗaukar zafi ta tsaya. To ina ga Sakkwato a watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40? Mai ɗaukar bidiyon biki ko wa'azi ya rage girman hoton, ya nemi inuwa, ya fi masa alheri da a ce ana tsakar addu'a kyamara ta mutu. Masu araha kuma, in ka sa su ɗauka shiru, abu mai gudu kan fito a karkace. Mashin mahayi sai ka gan shi a tanƙware.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙurar hunturu. Da yawan waɗannan kyamarori, kana cire gilashin gaba, sensa a buɗe take, babu abin da ya tare ta. Kada ka canza gilashi a fili in iska na kaɗawa. Shiga mota ko zaure, ka juya bakin kyamarar ƙasa. Batir kuma tana shansa fiye da ta da, don allonta a kunne yake kullum. Mai zuwa hawan Sallah ya kwana da cajin batir uku.