Mata uku a bangon falonmu

Yau hirar tamu a kan hoton bango ce.

Watan jiya, a hanyarmu ta dawowa daga Yamai, muka tsaya Damagaram. A wani shago muka ga hoto cikin katako da gilashi: mata uku a gona, biyu sun duƙa, ɗaya ta ɗan ɗago. Tun muna lakwal muka san shi. Wani Bafaranshe mai suna Jean-François Millet ne ya zana shi a 1857. Mai shago ya rantse mana wai na asali ne. Muka yi dariya, don na asalin yana gidan tarihi na Orsay a birnin Paris. Wannan bugun inji ne kawai. Muka yi ciniki a kan kuɗin takarda da katako da gilashi, muka taho da shi Difa.

Gaskiya, don ado muka saye shi. A galibin gidajenmu hoton Ka'aba ne a bango, ko ayoyi, ko kalanda. Mu kuma muna so baƙo ya shigo ya san an yi boko a gidan nan.

Sai ga gwaggonmu ta zo. Ita da mijinta sun yi shekaru suna noman tattasai a bakin Komadugu, wajen Bosso. Bayan harin Fabrairun 2015 suka baro gonar, har yau ba su koma ba. Yanzu aikin ƙwadago take yi a gonakin wasu. Ba ta taɓa shiga aji ba.

Ta tsaya gaban hoton, ta daɗe. Sai ta ce, “Waɗannan kala suke yi. Gonar ba tasu ba ce.”

Muka ce, “Gwaggo, yaya aka yi kika sani?”

Ta nuna can baya: ga tarin hatsi an jibge, ga wani mutum bisa doki yana lura da masu aiki. Ta ce, “Mai gona ba ya tsintar zangarniya ɗai-ɗai. Allah sarki, bayansu zai yi ciwo da dare.”

Wallahi kunya ta kama mu. Abin da mushe ya yi awa guda yana yi mana bayani, muka haddace don jarrabawa, ita da ido ɗaya ta gane shi, domin a jikinta yake.

To jama'a, in za ku sayi irin wannan hoto, kar a yaudare ku da sunan asali, kuma ku rataye shi nesa da taga, don rana na kashe launi. Amma kafin ku biya, ku tambaya: wa aka zana, me yake yi?

Namu dai mun sauke shi daga falo, mun kai ɗakin Gwaggo, don ita ta roƙa. Ku fa, wane hoto ne a bangonku?