Marsandin Mushe

A unguwarsu ta Maraɗi ba a kiran tsohon malamin da sunansa. Mushe ake ce masa, motarsa kuwa Tsohuwa. Marsandi ce 240D, ƙirar 1982, mai shan gazuwal. Sai da ta gama ƙuruciyarta a Turai sannan ta sauka tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta ƙetaro gadar Gaya a 1993. Shanun gado ya sayar ya saye ta, dangi na ta surutu. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, masu surutun ne suka fara yaba masa dabara.

Tayar da ita da asubar hunturu sai da ladabi. Yakan murɗa makulli rabi, ya jira fitilar ɗumama inji ta mutu, kamar mai jiran izini a ƙofar zaure, sannan ya tayar. Sai ta yi tari, ta watsa hayaƙi, ta kama ƙwanƙwasar da duk unguwa ta sani. Ba ta da gaggawa: silinda huɗu ne ke jan wannan tulin ƙarfe. A hanyar Damagaram ƙananan motoci sukan wuce ta tun kafin Tasawa, wani lokaci kuma ta tarar da su a gaba, an buɗe musu baki ana fifita. Kashe ta ma da nasa sha'ani, don zuƙar iska ce ke tsayar da injin ta wani siririn bututu. Ranar da bututun ya tsage, a ƙofar gidan ɗaurin aure, Mushe ya zare makulli amma Tsohuwa ta ƙi yin shiru, sai da ya tattare babbar riga ya danna ƙarfen tsayarwa a jikin injin, jama'a na kallo.

Amaren da ta kai ɗaki ba su ƙirguwa, haka matan da ta kai asibiti da tsakar dare suna naƙuda. Ba a taɓa biyansa ba. Da an gwada ma, da an ɓata masa rai.

Yanzu fansho ba ya ɗaukar ta. Kayan gyara sai an bi kangon wata Marsandin ko an aika Kano, kuma bakaniken da ke gane ciwon famfon gazuwal da kunne kawai, idonsa ya fara dushewa. Yaran garejinsa sun fi sabawa da motocin da ake jona wa kwamfuta.

"Baba, ka sayar da ita tun tana da mai so," in ji babban ɗansa. "In ya so mu haɗa maka ƙarama."

Mushe bai ce a'a ba. Ya dai tambaya ko ƙaramar za ta ɗauki mai naƙuda da mata biyu a baya. Washegari ya ɗauki jikansa, ɗan shekara goma sha huɗu, zuwa garejin, ya ce wa tsohon bakanike: "Malam, ga kunne na kawo maka."