Da Wane Irin Jiki?

Kalmar "ceto" duk muna amfani da ita, amma ba abu guda muke nufi ba. Abokaina Musulmi in sun faɗe ta, hankalinsu na kan ranar alƙiyama. Mu Kirista a majami'a muna faɗarta kamar aikin da an riga an gama, ranar da aka gicciye Yesu da safiyar Lahadin da aka tarar da kabarinsa wayam. Na san a nan muka rabu, tunda su ba su yarda an gicciye shi ba, kuma ba gardama na zo yi ba. Ni abin da ke damuna jiki ne.

Kakata ta yi jinyar kuturta a asibitin Danja, kudu da Maradi. Ta warke, amma yatsun hannunta ba su dawo ba. Har ta rasu da dungu take riƙe ludayi. To in matattu za su tashi, ita da wane hannu za ta tashi?

Tambayar ba tawa ba ce ni kaɗai. Mutanen Koranti sun yi irinta, Bulus kuma ya amsa musu a sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari. Da ƙwayar hatsi ya yi misali: abin da ka sa a ƙasa daban, abin da ke fitowa daban, alhali iri ɗaya ne. Wannan kam ɗan manomi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Shukar da muke yi cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko, ai bizne muke ce mata, kalmar da muke faɗa ma gawa. Wanda bai taɓa ganin zangarniya ba, ka nuna masa ƙwayar gero guda, wallahi ba zai iya kintata ta ba.

Sai dai Bisharar Yahaya ta ƙara wani abu da ya fi tsaya mini a rai. Yesu da ya tashi, da tabon ƙusoshi ya tashi, har ya ce wa Toma ya sa yatsa ya taɓa. A wurin Luka ma ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa, don su san ba fatalwa ba ce. Ke nan tashin bai shafe abin da jiki ya sha ba. Da tabon ma aka shaida shi.

Akwai kuma kutaren nan goma na Luka sura ta 17. Duka sun tsarkaka, amma guda ne, Basamariye, ya komo godiya, shi kaɗai aka ce wa bangaskiyarsa ta cece shi. A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalmar da aka sa a wurin tana ɗaukar warkarwa da ceto duka biyu. Tara sun samu fata mai kyau sun wuce abinsu.

Wa'azin da ke mai da ceto tamkar takardar shiga sama, a yar da jiki a rami kamar tsohuwar riga, ni bai gamsar da ni ba, kuma ban ga haka a Littafi ba. Na gaskata kakata za ta tashi da yatsu goma. Ina fata dai a bar mata wata alama a hannun, don da shi na san ta.