Matajin Zafi

A shekarata ta huɗu a tsangayar injiniyanci, ɓangaren injuna, na yi wata shida na sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973. An tura ni wani kamfani mai ƙera akwatunan da ake girke na'urorin sadarwa cikinsu a gindin turakun waya. Aikina shi ne yaƙi da zafi, domin idan na'ura ta ɗau zafi fiye da kima takan mutu, unguwa guda ta rasa sabis. Saboda haka ake manna mata farantin alminiyam mai haƙora, iska na ratsa su tana kwashe zafin, muddin ƙurar hunturu ba ta toshe su ba.

Da na dawo gida da wani lalataccen faranti, mahaifina, wanda maƙeri ne, ya tambaye ni sunansa. Na lalubi Hausa na rasa, sai Turanci. Ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Ai mataji ne, zafi yake tajewa."

Tun ranar nake ganin ya kamata masu ƙirƙirar kalmomin fasaha su riƙa zama a maƙera kafin su zauna a kwamiti.